Tsiro ɗaya da sunaye barkatai: yadda ake rarraba Carex bigelowii

"Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na biyu a fannin muhallin tsirrai a ƙasar Norwe, kuma filin da nake bincike a kan tsauni yake. Akwai wata ciyawa da ta cika wurin, ana ce mata Carex bigelowii. Tsohon littafin da nake fita da shi ya rubuta subsp. rigida, rumbun sunayen tsirrai na intanet ya ce subsp. dacica, wata maƙala kuma ta kira ta Carex dacica kawai. Da na duba littafin tsirran Arewacin Amurka sai na ga ƙananan nau'o'i biyu, a wani wurin kuma biyar. Wanne ne daidai, kuma wanne zan sa a kundina? Na fara jin tsoron ko ni ce ban gane ba."

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki, kin gane sarai. Abin da kika ci karo da shi ya shafe kusan shekara ɗari biyu yana ba masana wahala. Idan na fahimce ki, tambayoyi biyu ne kika haɗa a ƙullin guda. Ta farko ta suna ce: me ya sa rigida ya koma dacica? Wannan tana da doka rubutacciya. Ta biyu ta iyaka ce: tsiron nan kashi nawa ne, kuma kowane kashi nau'i ne mai zaman kansa ko reshe ne kawai? Wannan babu dokar da ta yanke ta, hujja ce da ijtihadi. Duk wanda bai raba waɗannan biyun ba zai yi ta ganin kamar littattafai suna ƙaryata juna.

Bari in fara daidaita kalmomin da zan yi amfani da su. Zan ce dangi ga babban rukuni, wato Cyperaceae. Jinsi shi ne Carex. Nau'i shi ne bigelowii. Ƙaramin nau'i kuma shi ne abin da ake taƙaitawa da subsp. a gaban suna na uku.

Kin kira ta ciyawa, haka kowa zai kira ta, amma ba 'yar gidan gero da gamba ba ce. 'Yar gidan aya ce, da aya-aya mai addabar fadama, da kajijin da ake sawa a turaren wuta. Kin san idan kika murza karan aya tsakanin yatsu biyu za ki ji kusurwa uku, ba gaɓa, ba rami a ciki. Ki murza karan wannan ta kan tsaunin, abin da za ki ji ke nan. Dangin yana da nau'o'i sama da 5,000, jinsin Carex shi kaɗai ya kwashi kimanin 2,000, yawancinsu a ƙasashen sanyi. Abin da ya bambanta Carex da su aya shi ne kowace ƙwaya tana cikin wata 'yar jaka mai baki, kuma a jikin wannan jakar ne rabin aikin mai tantancewa yake.

Carex ɗinki tana cikin rukunin da ake kira Phacocystis, tare da Carex nigra da Carex aquatilis da Carex acuta. Alamarsu ita ce furen mace yana fitar da zare biyu, ba uku ba, ƙwayar kuma a baje take kamar an danna ta, ba mai kusurwa uku ba. Wannan rukunin ya yi ƙaurin suna wajen barbara tsakanin nau'o'i, zan dawo kan wannan.

Yadda sunayen suka taru

Tsiron ya kewaye saman duniya kamar rawani: Girinland, Aisland, Sikandinabiya, tsaunukan Sikotland, Saiberiya, Alaska, arewacin Kanada, sannan ya sauko kudu a kan ƙololuwar duwatsu kamar Alps da Karpatiya a Turai da White Mountains a jihar New Hampshire ta Amurka. A ƙarni na 18 da na 19 mai nazarin tsirrai a Landan ba ya ganin abin da na Mosko ya tara sai bayan shekaru, idan ma ya gani. Kowa ya hau dutsen ƙasarsa, ya tsinko, ya raɗa suna.

A 1794 Samuel Goodenough a Ingila ya raɗa wa wadda ke Birtaniya suna Carex rigida, ma'ana mai tauri, kuma sunan ya dace da ita ƙwarai. Turai ta daɗe tana amfani da shi. Sai dai ashe tun 1789 Schrank a Jamus ya riga ya ba wani tsiro dabam wannan suna. Dokar sunayen tsirrai ta ƙasa da ƙasa ta ce idan suna ɗaya ya faɗa kan tsirrai biyu, na farko ne ke riƙe shi, na baya haramtacce ne a matakin nau'i. Da aka farga sai aka nemi suna mafi tsufa da ya halatta, aka same shi a Amurka. Jacob Bigelow, likita ne a Boston mai son tsirrai, ya hau White Mountains a 1816. John Torrey ya ba tsiron sunan Bigelow, Schweinitz kuma ya wallafa a 1824. Shi ya sa kike ganin "Torr. ex Schwein." a bayan sunan: na farko ya raɗa, na biyu ya buga shi yadda doka ta amince.

To amma duk wanda ya jera samfurin Sikotland da na New Hampshire a tebur ɗaya zai ga ba su zama ɗaya sak ba. Saboda haka a 1968 Schultze-Motel ya dawo da kalmar rigida a matakin ƙaramin nau'i, ya zama Carex bigelowii subsp. rigida. Littafinki na fita daga wannan zamanin ya ɗauko. A ɗaya gefen kuma, tun 1835 Johann Heuffel, shi ma likita, ya bayyana wani tsiro daga tsaunukan da ke cikin Romaniya ta yau da sunan Carex dacica, daga Dacia, tsohon sunan yankin a zamanin Rumawa. Tatiana Egorova, wadda ta ƙarar da rayuwarta kan Carex na Rasha, ita ce ta mayar da shi ƙaramin nau'i a ƙarƙashin bigelowii. Masanan da suka gamsu cewa na Karpatiya da na Sikotland da na kudancin Sikandinabiya abu ɗaya ne, su ne suka tattara su a ƙarƙashin dacica, manyan rumbunan intanet kuma suka bi. Idan kin ga "(Heuff.) T.V.Egorova", na cikin baka shi ya fara kawo kalmar, na waje shi ya canza mata matsayi. Wanda kuma ya ɗauke ta nau'i mai zaman kansa ba shi da zaɓi: ba zai iya cewa Carex rigida ba saboda Schrank, dole ya ce Carex dacica. Ga asalin sunayenki uku, kuma duk tsiron Turai ɗaya suke nufi.

Wani abu da ke rikita ɗalibai: subsp. bigelowii, mai maimaita kansa. Ba wanda ya zauna ya ƙirƙire shi. Da zarar an yanki wani ɓangare na nau'i an ba shi sunan ƙaramin nau'i, ɓangaren da samfurin asali yake ciki yana ɗaukar sunan da aka maimaita kai tsaye, ba a rubuta masa sunan marubuci. Tunda samfurin asali daga New Hampshire yake, na can ne subsp. bigelowii har abada, ko da an gano ba shi ne mafi yawa a duniya ba. Suna yana manne ne da takardar da aka liƙa busasshen tsiro guda a kanta, ba da siffar da ta fi yawa ba.

Sauran ƙananan nau'o'i ukun na Saiberiya da Alaska ne, zan kira su na gabas. Theodor Holm ya bayyana Carex lugens daga Alaska a 1902. Akwai ensifolia, mai ganye kamar takobi, ta tsaunukan kudancin Saiberiya, akwai kuma arctisibirica wadda Boris Yurtsev ya ware daga cikinta don tsirran gaɓar arewacin Saiberiya. Haka aka samu biyar. Littafin Arewacin Amurka, juzu'i na 23 da ya fito a 2002, ya kawo biyu ne kawai domin biyun ne ya amince suna yankinsa: bigelowii a gabas, lugens a yamma. Bai ƙaryata sauran ba, ba su shiga gonarsa ba ne.

Abin da ido ke gani

A takarda bambancin yana da sauƙi. Ta Turai, dacica, gajera ce, kakkaura, ganyenta faɗi da tauri, sau da yawa yana lanƙwasawa baya, zangarniyoyinta gajeru ne a cunkushe, manne da kara. Subsp. bigelowii ta fi tsawo da siranta, zangarniyar ƙasa takan fita a kan ɗan sanda, ƙwayoyin gindinta kuma da 'yar tazara tsakaninsu. Lugens ganyenta siriri ne, takan dunƙule wuri guda kamar gindin gamba maimakon ta bazu, jakar ƙwayarta kuma tana da ƙananan ƙuraje farare da ke fitowa fili idan ta nuna.

A kan dutse kuwa labari ya sha bamban, kuma a nan ne na fi son ki tsaya. Lokacin da na fara wannan aiki na taɓa tsinko samfura biyu a tsauni ɗaya a rana ɗaya. Na farko a kan tudun da iska ke sharewa, inda ƙanƙara ba ta zama: tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba, ganyen ya murɗe, idan kin dafa shi yana sukar fata. Na biyu a wani kwari ƙasa kaɗan, inda ƙanƙara ke daɗewa ta bar danshi: ya kai kusan gwiwata, ganyen a miƙe. Na rubuta musu sunaye biyu da cikakken yaƙini. Wanda nake koyo a hannunsa bai yi mini gardama ba, ya ce in dasa gutsuren kowanne a tukunya, ƙasa iri ɗaya, ruwa iri ɗaya. Bayan damina biyu, sai na duba alamar da na soka kafin in san wanne ne wanne. Tun daga ranar na daina yarda da tsawon kara da faɗin ganye su kaɗai. Waɗannan iska da ruwa da bakin tumaki ne ke rubuta su. Abin da ya fi tsayawa a kan gado shi ne siffar jakar ƙwaya, ƙurajen jikinta, da tsarin zangarniya.

Sai kuma barbara. Bununin waɗannan tsirrai iska ce ke ɗaukarsa, kamar na gero, ba ya tambayar sunan wanda zai sauka a kansa. Inda bigelowii ta haɗu da Carex nigra ana samun ruwa-biyun da ake kira Carex × decolorans, inda ta haɗu da aquatilis kuma Carex × limula. Ga dabarar da za ta yi miki amfani gobe-gobe: ki ɗauki ɗanyen ganye ki duba da gilashin hannu mai ƙara girma sau ashirin. Ƙofofin numfashi suna bayyana kamar fararen ɗigo a jere. A bigelowii suna ƙasan ganye, a nigra suna samansa, a ruwa-biyunsu kuma sau da yawa za ki gan su ta fuska biyu. Idan ganyen ya bushe, gefen na bigelowii yana naɗewa waje, na nigra yana naɗewa ciki. Ki fara tabbatar da cewa abin da ke hannunki ba ruwa-biyu ba ne kafin ki shiga neman ƙaramin nau'i, domin samfura da yawa da suka "ƙi shiga mabuɗi", wato jerin alamomin da ake bi a littafi don gano sunan tsiro, a nan matsalarsu take.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yadda tsiron ke yaɗuwa ta jijiyar ƙarƙashin ƙasa. Filin da kike ganin dubban tsirrai yana iya zama 'yan ɗaiɗaiku ne suka miƙe. Wani bincike da aka wallafa a 2000 kan arctisibirica a gaɓar Saiberiya ya ƙiyasta cewa wasu daga cikin irin waɗannan sun haura shekara 3,000. Ki duba ma'anar wannan: ruwa-biyun da ba ya ko yin ƙwaya mai kyau zai iya mamaye gefen dutse ya zauna ƙarnoni, mai tara samfura ya zo ya ga fili guda mai siffa iri ɗaya, ya ɗauka sabon abu ya gano. Sunaye da yawa da yanzu suke kwance a jerin ma'ana-ɗaya, wato sunayen da aka gano tsiro ɗaya suke nufi, ta haka aka haife su.

Abin da gado ya nuna

A 2008 Schönswetter da Elven da Brochmann suka gwada DNA na tsirran daga kusan duk faɗin inda suke. Sun samu bambancin gado mai yawa, amma kashi biyu cikin uku nasa a cikin kowace al'umma yake, ba tsakanin wannan yanki da wancan ba. Na tsakiyar Asiya, da ake kira Carex orbicularis, su ne suka ware sosai. Sauran suka kasu gida uku: na Turai, na gaɓoɓin Atlantika biyu, da wani babba da ya ratsa Saiberiya ya tsallaka mashigin Bering zuwa Alaska. Na farko ya yi daidai da dacica. Na biyu ya yi daidai da subsp. bigelowii, kuma ya nuna ba ta tsaya a Amurka da Girinland ba, ta tsallako teku. Na uku ya haɗiye ensifolia da arctisibirica da lugens a ciki ɗaya.

Dalilin yana cikin tarihin ƙanƙara. Kimanin shekara 21,000 da suka wuce ƙanƙara ta rufe Sikandinabiya da mafi yawan Kanada. Tsirrai sun tsira ne a gefe: wasu a Turai kudu da ƙanƙarar, wasu a Arewacin Amurka, wasu a yankin Bering wanda a lokacin busasshiyar ƙasa ce da ƙanƙara ba ta rufe ba. Kowane gungu ya yi zamansa shi kaɗai har ya ɗan sauya. Da ƙanƙara ta janye suka bazu suka sake haɗuwa, kuma rabuwar ba ta yi tsawon da za ta hana su haihuwa da juna ba.

Norwe, inda kike, tana ɗaya daga cikin wuraren haɗuwar. Wani bincike na 2021 da Westergaard da abokan aikinta suka yi da hanyar DNA mafi zurfi ya samu gungu biyu masu nisa da juna a cikin ƙasar, dacica da bigelowii, tare da ruwa-biyu da yawa tsakaninsu. Nisan ne ya sa ake ganin dacica ta cancanci a ɗauke ta rukuni na kanta, mai yiwuwa kuma irin wannan hujjar ce maƙalar da kika karanta ta dogara da ita. Dalilin binciken ma ba na cikin ɗakin karatu ba ne. Ana son shuka irin wannan tsiro don farfaɗo da wuraren da aka lalata a kan tsaunuka, an kuma shata yankunan ɗibar iri ba tare da lura cewa abu biyu ne ake auna su kamar ɗaya ba. Kuskuren suna a nan yana nufin a kai iri inda ba gidansa ba.

Nau'i ko ƙaramin nau'i?

Kin san Basakkwace da Bakano suna jin juna, amma daga jimla ɗaya za ki gane wanene wane, kuma idan kika bi hanya daga Kano ta Gusau zuwa Sakkwato ba za ki iya nuna garin da wannan Hausa ta ƙare waccan ta fara ba. Ƙaramin nau'i haka yake a asalin ma'anarsa: yana da yankinsa, yana da kamanninsa, amma a kan iyaka yana narkewa cikin maƙwabcinsa. Nau'o'i biyu kuwa za su iya zama a gefen dutse ɗaya kowanne ya riƙe kamanninsa. Gardamar dacica a nan take: idan suna zama kusa da juna a Norwe kuma mafi yawansu sun ci gaba da zama gungu biyu, hujjar masu cewa nau'i ne tana da ƙarfi. Idan kuma ruwa-biyun suna haihuwa suna komawa cikin iyayensu har tsakiya ta cika, masu cewa ƙaramin nau'i ne sun fi kusa da gaskiya. Akwai kuma bambancin makaranta. Masanan Rasha na zamanin Sobiyet sun saba ba kowane nau'in yanki cikakken suna, na Yammacin Turai da Amurka sun fi son tarawa a inuwa ɗaya.

Ra'ayina, tunda kin tambaya: rukuni uku ne hujja ta tsaya musu da ƙafafunta. Dacica abu ce ta gaske, ko da wane matsayi aka ba ta, kuma ba zan yi mamaki ba idan manyan rumbuna suka koma kiranta nau'i. Rabuwar na gabas zuwa uku kuwa ta fi rauni, ko da yake dunƙulewar lugens a Alaska siffa ce da mai ido ba zai raina ba. A nan dole in faɗa miki iyakata: dacica da bigelowii na riƙe su ɗanyu a hannuna, na gabas kuwa a busasshe kawai na san su, a kan takardun ma'ajiyar tsirrai, kuma busasshen samfuri ba ya nuna miki yadda tsiro ke zaune a ƙasa. Haka kuma ba zan iya yanke miki hukunci kan naki daga bayanin baki ba, sai an ga samfurin.

Game da kundinki, ki zaɓi madogara ɗaya, zai fi kyau jerin tsirran Norwe na yanzu da sashenku ke bi, ki faɗi sunanta da shekararta a babin hanyoyin bincike, ki tsaya a kanta har ƙarshe. A ambaton farko ki rubuta cikakken suna da marubutansa, ki ƙara cewa shi ne wanda tsofaffin littattafai ke kira subsp. rigida, don mai neman tsofaffin maƙalu ya gane. Idan ba ki tantance ƙaramin nau'in ba, ko filinki ya faɗa inda suke cuɗanya, ki rubuta Carex bigelowii s.l., wato a faffaɗar ma'ana. Wannan ba gazawa ba ce, manyan masana ma haka suke yi, kuma ya fi ki ɗora suna na uku a kan zato.

Sannan ki ajiye shaida. Ki jira ƙarshen bazararsu, wajen watan Agusta, lokacin da ƙwaya ta nuna, domin zangarniya mai fure ba ta gaya wa kowa komai. Ki sa wuƙa ki tono tsiron da jijiyarsa, kada ki fizge daga sama, saboda jajayen ɓawon gindi da yadda jijiyar ke tafiya suna cikin alamomin. Ki ɗiba daga tudu da kwari duka, da tazara mai yawa tsakaninsu don kada ki yi ta maimaita tsiro ɗaya. Ki duba ƙofofin numfashin tun ganyen yana ɗanye ki rubuta abin da kika gani, ki yanki ɗan ganye ki sa a ƙaramar jaka da garin silika saboda gwajin DNA, sauran ki danne a tsakanin jaridu. A takardar kowanne ki sa wuri da tsayinsa daga teku da kwanan wata, da ko tsiron a dunƙule yake ko a baje, da sauran Carex da ke kusa da shi. Ki kai su ma'ajiyar busassun tsirrai ta jami'arku a ba su lamba, ki sa lambobin a kundin. Idan kin samu dama ki aiko mini da hoton zangarniyar ƙasa da jakar ƙwaya a kan takarda mai layin milimita, mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.